Kaset ɗin da Na Saka Miki a Jaka

Hausari, Potiskum.

Zuwa ga jikata, mai sunan mahaifiyata, Yagana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin yi wanka kin huta, kin ci tuwon Gwaggonki A'i. Allah Ya tsare ki, Ya tsare direban da zai ja ku, Ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, amin.

Na san za ki yi dariya in kin ga wasiƙa, alhali tsakanin ɗakina da naki bai fi taku goma ba. Kakarki Hajja ta riga ki. Ta leƙo ta same ni a kan tabarma da biro da tabarau, ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ba ƙasar waje za ta ba. Ka kira ta ka faɗa mata mana." Na ce in na kira ki, kafin in kai rabi kin fara tsokanata, ni kuma in biye miki, magana ta watse. Ban da haka, sai da na ba shekara arba'in baya kafin na iya riƙe biro, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren unguwarmu. Abin da na samu a makare ba na jin kunyar amfani da shi.

Yagana, farin cikin da nake ciki ba ya faɗuwa. Tun ranar da babanki ya ce ya amince ki je ki ɗauki waƙoƙinki a situdiyo, na kasa zama wuri ɗaya. A rumfata ta kasuwar hatsi na auna wa wata mata wake ina rera waƙa ban sani ba, har maƙwabcina ya ce, "Bukar, ko kujerar Makka aka ba ka ne?" Na ce masa jikata ce za ta Kano. Tun da na rataye kukumata a bango, babu wanda ya ƙara ɗaukar waƙa a gidan nan sai ke. Da waya kika fara, a zaure, kina rufe ƙofa saboda kukan akuya, har mai situdiyon nan ya ji ya ce ki zo. Za ki tafi da ƙafarki, ba a ƙarƙashin kamfanin kowa ba. Wannan abu ne mai kyau, amma yana da nauyi, domin babu mai ce miki yi, babu kuma mai ce miki bari. Shi ya sa zan zayyana miki kurakuraina, waɗanda kika sani da waɗanda ban taɓa faɗa wa babanki ba.

Amma kafin nan, ki ji wannan. A ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa, akwai wani ƙunshi a cikin tsohuwar hulata. Kaset ne. Kada ki saka shi a kowace rikoda, kada ki ba kowa ya gwada, sai kin kai ƙarshen takardar nan. Shi kaɗai ne a duniya, kuma muryar Inna ce a ciki, uwata, wadda aka sa miki sunanta.

Lokacin ina da ƙarfina, ni da Maina mai kalangu mun yi suna a gidajen biki, daga nan har Damagum. Kin san Maina, tsohon nan da ke zama da sanda a bakin masallacin unguwa yana ce miki matarsa. Wani Alhaji mai shagon kaset a Kano ya zo sayen shanu, ya ji mu a wani biki, ya ce mu same shi ya yi mana kaset. Ana gobe za mu tafi, sai na ga komai nawa ya tsufa. Na ɗinka sabuwar riga, na kuma cire tsirkiyar kukumata na ɗaura sabuwa. Maina ya dube ni ya ce, "Bukar, wadda ta saba da hannunka ka cire? Baƙuwa za ka kai mana gaban inji?" Na ce masa shi da fatar kalangunsa tun ta zamanin kakansa, me ya sani. A mota kuma fasinjoji suka gane mu, suka yi ta zuga ni, na yi ta waƙa taga a buɗe tun daga Potiskum har muka wuce Azare. Da muka sauka na sayi zoɓo mai ƙanƙara na shanye.

Washegari a gaban makirfo, tsirkiya ta dinga saki. In ɗaure, in yi baiti ɗaya, ta sake saki. Mai ɗaukar ya cire abin kunnensa ya ce, "Malam, mu fa ba kallon gyaran kukuma muka zo ba." Murya kuma ta dishe tun a waƙa ta uku, ni kuwa na rantse sai na yi goma a yini ɗaya. Na yi su. Biyu kaɗai nake iya saurara ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Saboda haka ranar ɗauka ba ranar gwaji ba ce. Duk abin da za ki yi a gaban makirfo, ki tabbata kin gama shi tun a ɗakin Gwaggonki, har ya zama ko an tashe ki daga barci za ki rera shi daidai. Kada ki canza komai ranar, ko amshi, ko makaɗi, ko abin karyawa. A mota ki yi shiru, ko wa ya gane ki. Ruwa mai ɗumi, ba mai sanyi ba. Waƙa uku da kika gamsu da su sun fi goma da za ki riƙa ba da haƙuri a kansu. In sun gama haɗa sauti, za su kunna miki a manyan lasifikokinsu, kuma a nan ko tarin Maina aka saka zai yi daɗi. Kada ki yanke hukunci a wurin. Ki sa a tura miki, ki saurara a tsohuwar wayar Gwaggonki mai fasasshen gilashi, ki saurara a cikin napep a tsakiyar hayaniya, domin a nan mutane za su ji ki. In kiɗa ya danne kalmomi, ki koma ki faɗa, da ladabi, amma ki faɗa. Akwai kuma abin nan da suke shafa wa murya ta koma kamar ta ƙarfe, kowa ya zama iri ɗaya. Kaɗan ba laifi. In ya kai Hajja ba za ta gane ke ce ba, ya yi yawa.

A cikin waƙoƙin nan goma akwai ta Inna. Inna 'yar garin Mamudo ce, kuma da yaren Ngizim ta ƙaga waƙar, a bakin rijiya, wata shekara da ruwa ya yi nisa sai an haɗa igiya biyu. Baiti shida ce. Tana lallashin rijiya, tana yi wa guga tsiya, tana tsokanar matan da suka makara, a baitin ƙarshe kuma tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Da ita ta goye mu duka. Na fara rerawa ke nan sai Alhaji ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Wannan kuma wane yare ne?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "To wa zai saya a Kano? Karin yana da daɗi. Juya ta Hausa, ka sa maganar soyayya, ka rage tsawonta."

Na fita gindin wata bishiya, kafin a kira azahar na juya ta. Na zubar da baiti uku, na cire rijiyar na sa budurwa. Alhaji ya yi ta yabona, ni ma na ji kaina ya yi girma.

Da kaset ya fito na kai wa Inna. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na kunna, ta saurara har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba. Sannan ta ce, "Ta yi daɗi, Bukar. Ta wa ce?"

Na ce, "Taki ce mana, Inna."

Ta ce, "A'a. Tawa akwai rijiya a ciki." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Da ta yi faɗan, da ya fi mini sauƙi.

Ki saurari mutanen situdiyo a kan abin da ya shafi injinsu, sun fi ki sani. In sun ce ki matsa kusa da makirfo, ki matsa. In sun ce amshin ya yi tsawo, ki duba, wataƙila da gaskiyarsu. Amma abin da ya sa suka kira ki tun farko, kada ki bari a cire shi. Kano cike take da mawaƙa waɗanda Hausarsu ta fi taki santsi. Za su ji yadda kike furta wasu kalmomi su yi murmushi, su ce harshenki na Yobe ne. Ki ce e, na Yobe ne, ki ci gaba da waƙarki. Mai son irin ta Kano yana da ita a ƙofar gidansa, ba sai ya jira ta zo daga Potiskum ba.

Sai maganar takarda. Da muka gama ɗauka, Alhaji ya miƙo wata takarda da tawada ya ce, "Dangwala nan." Na dangwala ina dariya, ban ko tambayi me ke ciki ba. Kaset ya fito da hoton kukuma a bangonsa, da wani jan rubutu manya-manya a sama. Kullum da ɗaya a aljihuna. In na shiga kasuwa sai in fito da shi, in ɗora yatsa a kan jan rubutun in ce, "Ga sunana nan, Bukar Mai Kukuma Potiskum." Waɗanda suka iya karatu sukan duba, su gyaɗa kai, su ce Allah Ya sanya alheri. Wata rana Maina ya ce, "To nawa fa, yana ina?" Ban taɓa tunanin sunansa ba sai a lokacin. Na nuna masa wani ƙaramin rubutu a ƙasa na ce, "Ga shi nan." Ya ji daɗi, har ya karɓi ɗaya ya kai wa surukansa.

Bayan shekaru, da na shiga aji, zan faɗa miki dalilin shigata a gaba, muka kai inda ake haɗa baƙi da wasali. Malaminmu, wani saurayi mai haƙuri da bai kai babanki shekaru ba, ya ce kowa ya kawo wani rubutu daga gida ya karanta wa aji. Wani ya kawo kwalin ashana, wani takardar asibiti. Ni na kawo kaset ɗina. Na miƙe a gaban dattawa 'yan'uwana, na gyara murya, na bi jan rubutun da yatsa a hankali. Abin da ke rubuce shi ne: Waƙoƙin Gargajiya Daga Ƙauye. Na juya baya, na juya gaba. Sunan shagon Alhaji ne kawai, sai lambar shagon a ƙaramin rubutun nan da na nuna wa Maina. Malam ya ce, "Madalla, Baba, ka karanta daidai. Zauna." Da aka tashi na kai masa kwafin takardar da na dangwala, wadda na adana a cikin akwati kamar takardar gona. Ya karanta mini. Na bar wa Alhaji waƙoƙin duka, har abada, kuma na yarda cewa na gargajiya ne, ba a san wanda ya ƙaga su ba. Har da ta Inna.

Na tafi na faɗa wa Maina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe shekara da shekaru sunana Shago Mai Lamba Tara." Har yau in ya so ya ba ni haushi da wannan sunan yake gabatar da kansa.

Ke kin yi boko, kin fi ni nesa ba kusa ba. Amma mai murna ba ya karatu, ko da ya iya. Duk takardar da aka miƙo miki, ki ce za ki kai gida. Ki kwana da ita, ki ɗauki hotonta ki turo wa babanki ya nuna wa wanda ya san doka. Wanda ya ce sai yanzu-yanzu ko a fasa, ki bar shi ya fasa. Ki nemi amsar abu uku a cikinta: bayan an ɗauka waƙar ta wa ce, in kin ba su izinin wani abu har zuwa yaushe ne, kuma a ina sunanki zai fito. Kafin ki bar situdiyo ki karɓi asalin ɗaukar a hannunki, murya daban, kiɗa daban, ba wadda aka gama haɗawa kaɗai ba. Na ji akwai ofishin da ake rajistar waƙa da sunan mai ita. Ki tambaya, ki je da kanki. Kuma duk wanda ya taɓa aikin, mai kiɗa, 'yan amshi, mai haɗa sauti, ku zauna ku gama magana tun kafin a kunna inji, sannan ki rubuta sunan kowa inda za a gani. Maina ya yafe mini saboda shi Maina ne. Ba kowa ne zai yi dariya ba.

A kan talla kuwa, girman kai ne ya kayar da ni. Alhaji ya ba mu kwali guda na kaset. Na tura shi ƙarƙashin gado, na zauna ina jiran mutane su zo nema, wai ni mawaƙi ne, ba ɗan talla ba. Wata uku kwali yana nan. Hajja tana shara wata rana ta ce, "Malam, ka yi murna, ka samu masu sauraro. Gara ta shiga kwalin nan tun jiya." Maina ne ya zo ya kwashi rabi ba da izinina ba, ya tafi kasuwar shanu ranar lodi, ya bi direbobin tirela ɗaya bayan ɗaya yana ba su kyauta. Na yi fushi, na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa. Kafin damina ta fita, aka fara aiko mana da goron biki daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Kowa muka tambaya ina ya ji mu, sai ya ce a motar wane.

Direbobin zamaninku su ne masu tura waƙa a waya da ke zaune a bakin tasha da kasuwa, da masu napep, da masu sa kiɗa a gidan biki, da masu gabatar da shiri a rediyo. Ki je musu da ƙafarki, da rana, tare da Gwaggonki ko wata babba, ki gaishe su, ki ba su, ki riƙe sunayensu. Kin fi ni sanin shafukan nan naku na waya, amma na lura da yadda ƙannenki suke yi: ba sa jiran waƙa ta yi nisa, yatsa ya riga ya ture ta. To ki yanko wurin da ya fi daɗi, amshin nan da ke maƙale wa mutum a baki, ki fara sakin shi. Kada ki zube waƙoƙin duka rana ɗaya, ki bar kowace ta sha iska. Kin taɓa ce mini ana sayen mabiya na bogi don a ga mutum da jama'a. Wannan daidai yake da in cika rumfata da buhunan ƙaiƙayi. Mai wucewa zai ce Bukar ya yi kaya, amma ranar da mai saye ya zura hannu, an gama. 'Yan matan Hausari da Mamudo da suka fara tura waƙarki tun tana da kukan akuya a ciki, su ne jarinki. In sun rubuto ki amsa. Ki kuma ware lambar aiki daban da ta gida, don ki san da wa kike magana.

Yanzu na zo kan kaset ɗin da ke jakarki. Na daɗe ina zagaye kafin in iso nan.

Maganar Inna ta rijiya ba ta bar ni ba. Sai na sayi rediyo mai rikoda, na sami sabon kaset, wata rana bayan la'asar na ajiye a gabanta na roƙe ta. Ta ce, "Ni tsohuwa me zan yi wa akwatin nan?" Na yi ta lallashi har ta yarda. Ta rera baiti shida cif, ta ba ni labarin shekarar da ta ƙaga ta, da sunayen matan da take tsokana, sannan ta sake rerawa daga farko. Gefe guda na kaset ya cika. Na jefa shi cikin kwandon da nake tara sauran. Ban iya rubutu ba a lokacin, don haka babu kaset ɗina ko ɗaya mai suna a jiki. Da launi nake gane su. Damina biyu bayan haka Allah Ya karɓi abarsa, Inna ta rasu.

Sai lokacin zaɓe ya zo. Mutanen wani ɗan takara suka same ni suka ce suna son waƙa kafin Juma'a. Na ga manyan motoci a ƙofar gida, kaina ya juya. Na haɗa waƙar, ina so in ɗauka in ji yadda ta zauna, ga gaggawa. Na zura hannu a kwando na ɗauko shuɗin kaset. Shuɗaye biyu ne a ciki, ɗaya na gwaji, ɗaya na Inna. Na danna jan maɓalli na yi ta zuba kirari, na maimaita, na sake maimaitawa. Na mayar baya na kishingiɗa ina saurare, ina jin daɗin kaina. Waƙata ta ƙare. Kaset ya yi shuu na ɗan lokaci. Sai muryar Inna ta fito.

Baitin ƙarshe ne, inda take kiran sunayenmu. Ta kira yayata, ta kira ni, ta kira ƙannena biyu. Sannan ta yi dariya ta ce, "Kashe abin nan, Bukar, tuwona zai kama." Shi ke nan abin da ya rage.

Hajja ta shigo ta same ni zaune a ƙasa. Ta ji, ta gane, ta zare wayar rediyon daga bango. Washegari na kai wa mai gyaran rediyo ko akwai dabara. Ya juya kaset ɗin ya nuna mini wasu 'yan kunnuwa biyu ƙanana a gefensa, ya ce, "Baba, da ka karya waɗannan, ko ka danna jan maɓalli inji ba zai yarda ba. Kowa ya san wannan ai." Ni ban sani ba. Ɗan takarar ya faɗi, rabin gari suka daina kirana biki saboda na yi wa abokin hamayyarsu waƙa, shi kuma ko a hanya muka haɗu ba ya gane ni. A shekarar na rataye kukuma, na kama sayar da wake, na sa sunana a aji. Bayan sunana, kalmar farko da na rubuta da hannuna a jikin kaset ɗin nan take. Za ki gan ta, haruffan sun karkace: INNA.

To ki ji. Duk abin da kika ɗauka, ki sa masa suna a take, kafin ki tashi daga wurin. Ki ajiye shi wuri uku. Abin da ke cikin waya kaɗai ba ajiyayye ba ne, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma zare ta a tasha. Ɗaya a wurinki, ɗaya a intanet inda kika san mabuɗinsa ke kaɗai, ɗaya a memori ki aiko a saka a akwatin Hajja, inda ko ɓera sai ya nemi izini. Masu manyan motoci kuma za su zo miki, in Allah Ya ɗaukaka ki, kuma ina sa ran zai ɗaukaka ki. Ba zan ce miki kada ki taɓa yi musu waƙa ba, ke za ki duba. Amma kada ki yi da gaggawarsu, kuma kafin ki amsa ki duba da kyau a kan me za ki ɗora ta.

Ga roƙona. Tare da kaset akwai littafina na aji mai shuɗin bango. A shafukan ƙarshe na rubuta baiti biyar ɗin da na shafe, da yaren Inna, da haruffan boko, yadda kunnena ya riƙe su. Makon jiya da na ce muku zan je duba wake a Mamudo, wurin ƙanwar Inna na je, tsohuwar nan da ba ta gani sosai. Na karanta mata. Ta gyara mini wuri biyu, ta kuma zage ni tas, ta ce sai yanzu da na yi furfura na tuna da rijiya. Karin kuwa kin san shi, da shi nake jijjiga ki a kan gwiwata, kuma na ji kina yin sa a zaure kina tsammanin ba na ji.

Ki nemi wanda ya iya juye tsohon kaset zuwa kwamfuta. Ki tsaya a kansa. Ya fara gwada injinsa da wani kaset daban, ki ga bai tauna ba, sannan ya saka namu. Kunnuwan na karya su tun ranar, babu abin da zai ƙara hawa kansa, amma zaren ya tsufa, ni kaina na daɗe ban kunna ba don tsoro. Zai fara da muryata ina yi wa mutumin nan kirari. Ki yi dariyarki, na ba ki izini, amma kada ki bari a tsayar. Ki jira shuu ɗin. In an samu, ke ki rera biyar, ki bar mata na shida ta yi da bakinta, har dariyar, har maganar tuwon.

In kin ga waƙar ba ta dace da wannan zuwan ba, ba dole, aikinki ne, ki ajiye ta sai wani lokaci. A dai juye muryar. In kuma zaren ya tsinke a hannunku, kada ki ɓoye mini, kada ki yi kuka. Ni na shafe kusan rabin sa'a da hannuna, ba zan tuhume ki a kan ɗan abin da ya rage ba. Littafin yana nan, bakinki yana nan.

Abu ɗaya ne ban yarda a taɓa ba. Kada a rubuta gargajiya, kada a rubuta daga ƙauye. Ban taɓa kiran sunan Inna da bakina ba, shi ya sa tun ranar sunanki nake ce miki Yagana, amma yau zan rubuta shi don ki kwafa. Wadda ta ƙaga: Hauwa'u Mamudo. Wadda ta rera: Hauwa'u Potiskum. Ki duba da idonki kafin a saki, ki kuma turo mini in karanta da kaina. Yanzu na iya.

Ki gaishe da Gwaggonki da maigidanta da yara. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki dawo gida kafin magariba, ki ji maganar Gwaggonki ko da kin fi ta sanin hanya. Hajja ta ce in faɗa miki ta saka miki yaji da kuka a baƙar leda, kada ki bari su haɗu da zannuwa. Maina ya ce in kin yi suna kada ki sake shi, in kuma kina neman mai kalangu, Shago Mai Lamba Tara yana nan.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya rufe idon mugu daga kanki, Ya sa albarka a muryarki, Ya jiƙan mai sunanki. Ni dai ina nan, na sa an cika mini cajin waya. Ranar da kika turo, zan shimfiɗa tabarma a tsakar gida daidai inda Inna ta zauna, in kira Hajja da Maina, in kunna. In Inna ta ce in kashe abin nan, wannan karon ba zan kashe ba.

Wassalam.

Kakanki mai alfahari da ke,
Bukar.